Shafin Aibu da Ya Ɓace Daga Littattafan Jagora

Matasan da ke koyon rubuta manhaja a Zuru, har da wasu ɗaliban Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a garin a 2020, hankalinsu yanzu ya koma kan wakilan ƙirƙirarriyar basira, da kayan bin sawun kuskurensu irin su LangSmith da Langfuse, waɗanda suka fito a 2023. Wannan abin murna ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mudun da suke auna littafin jagorar waɗannan kaya da shi. In shafin farko ya nuna musu layi uku da za su kwafa, allo ya cika da zane mai launi, sai su ce littafi ya yi. Mu da muka tsufa a sana'ar nan daga ƙarshe muke fara duba littafi, inda marubuci ya faɗi abin da kayansa suka gaza a kai.

A watan Nuwamban 1971 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar da littafin jagora na farko na Unix a Bell Labs da ke Amurka. Tsarin shafukansa ɗaya ne: sunan umarni, yadda ake kiransa, bayaninsa, saƙonnin da yake bayarwa in ya ci tura, sannan wani sashe na aibu, inda wanda ya rubuta manhajar ke lissafa lahaninta da hannunsa. Ƙarƙashin wannan kuma sai sunan mai ita, domin a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Manhajar binciken kuskure ta lokacin, db, ita ma ba ta tsira daga wannan tsari ba. Duk wanda ya taɓa sayen sa a kasuwa ya san wannan ƙa'ida, domin shari'a ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin dabbarsa kafin a ƙulla ciniki. Amfanin sashen aibu ya fi ƙarfi a kan kayan bincike, saboda mai neman kuskure ya riga ya daina yarda da manhajarsa, ya miƙa amanarsa ga kayan binciken. In su ma suna da makantar da ba a gaya masa ba, zai kwana yana tono inda babu komai.

Za a ce mini wakilan yau ba irin manhajojin da ba ne: ka ba wakili tambaya ɗaya sau biyu ya bi hanya biyu daban, to yaya za a lissafa aibunsa? Wannan gaskiya ce game da wakilin, amma ba shi nake magana a kai ba. Kayan da ke rikodin tafiyarsa manhaja ce ta yau da kullum, iyakokinta sanannu ne ga masu ita. Shin tana yanke dogon rubutu kafin ta adana? Kowane kira take kamawa ko tsame take yi? In sabis ya ɗauke ana tsakiyar aiki, abin da ba a aika ba yana jira ne ko ya salwanta? A wace ƙasa bayanan mutane ke sauka? Tun da ba lallai kuskuren wakili ya maimaita kansa ba, rikodin nan shi ne shaida ɗaya tilo. Wasu littattafan suna amsa waɗannan tambayoyi, ban hana su wannan ba, sai dai amsar a warwatse take, nesa da shafin da mutum ke buƙatarta.

Hujja ta biyu da za a kawo mini ita ce kayan suna sauyawa kowane mako, rubutu ba zai cim musu ba. Wannan ce ta fi ba ni haushi. A zamanin manyan kwamfutoci, IBM ta gidan waya take aiko da sababbin shafuka, a zare tsofaffi daga littafi a saka su, an ja layi a gefen duk jimlar da ta sauya, a bayan littafin kuma ga takardar da mai karatu zai cike ya mayar in ya ga gyara. Abin da aka iya da tambarin wasiƙa bai kamata ya gagari masu intanet ba. Shafin da babu kwanan wata ko lambar sigar da yake bayani a kai, mai karatu ba shi da hanyar sanin ko maganar tana nan ko ta shuɗe.

Akwai kuma masu cewa a tambayi ƙirƙirarriyar basirar da kanta. To, daga waɗannan littattafai take ɗebo abin da ta sani, aibin da ba a rubuta ba kuwa za ta cike gurbinsa da ƙage. Ga kuma matsalar intanet: shafukan Unix a cikin kwamfutar suke zaune, haka ma littafin manhajar binciken kuskure ta GDB, wadda Richard Stallman ya fara a 1986, ana iya ajiye shi a karanta ba tare da intanet ba. Yaron da ke Zuru, wuta ta ɗauke, data ta kusa ƙarewa, babu wani gwani kusa da zai tambaya, shi ne ya fi cancanta ya yanke hukunci. Ya sauke littafin, ya kashe data, ya lalata wakilinsa da gangan, sannan ya ga ko rubutun kaɗai zai kai shi inda ɓarnar take.