Gidan Ɗan Hausa: Tsarin Gininsa da Matsayinsa a Manhajar Hausa

A unguwar Nasarawa, a wajen ganuwar Kano, akwai wani tsohon soro da ake kira Gidan Ɗan Hausa, wanda yake ƙarƙashin kulawar Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Ya samo sunansa ne daga laƙabin Hanns Vischer, Baturen da aka haifa a Suwizalan a 1876, wanda ya zauna a cikinsa, ya kuma buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Shi ne kuma ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Saboda haka gidan yana da alaƙa ta kai tsaye da tarihin darasin da muke koyarwa.

Sai dai abin da muka fi mayar da hankali a kai shi ne ginin kansa. Magina sun tayar da bangonsa da tubali, wato curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana. Bangon yana da kauri daga tushe, yana sirancewa zuwa sama, abin da ke ba shi ƙarfi, ya kuma tsare ɗaki daga zafin rana. An yi rufin da azara, wadda ake tsagowa daga giginya domin gara ba ta cika cin ta ba. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kimanin mita 2, sai maginan Hausa suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga, waɗanda ke tallafe rufin ɗaki mai faɗi. A bisa al'ada, makuba ce ke kare irin wannan bango daga ruwan sama, indararo ya zubar da ruwan nesa da tushe, zankaye kuma su ƙawata kan soro.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi tana rayuwa ne muddin abin da take nufi yana tsaye. Ɗalibin da ya tashi a Daɗin Kowa ta Jos, cikin gidajen bulo da kwano, yana iya kammala sakandare bai taɓa jin kalmar azara ba, balle ya gane ta in ya ci karo da ita a rubutu. Alhali kuwa a cikin garin nasa akwai Gidan Adana Gine-ginen Gargajiya, kusa da Gidan Tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, inda aka sake gina kwatankwacin Masallacin Juma'a na Zariya da wani sashe na ganuwar Kano.

Don haka muna ba da shawarar a sanya kalmomin gini a manhajar ƙaramar sakandare, a haɗa su da ziyarar gani da ido: 'yan Kano su je Nasarawa, 'yan Jos su je gidan tarihinsu, kowane ɗalibi ya zana abin da ya gani, ya rubuta sunan kowane sashe da Hausa.