Tarihin da ke cikin adakar kaka

A lakwal an koya mana cewa a 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, har da ƴan Nijar masu yawa. Layi guda ne, muka hardace, muka wuce. Alhali a gidajenmu, nan Yamai ko Tawa ko Maraɗi, akwai wasiƙun da kakanninmu suka aiko daga zangon Kumasi, galibi da ajami. Ni ina ganin da su ya kamata a fara darasin.

A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, kalmomi nake fara bi. Wasiƙar da ba ta da kwanan wata, in ta ce an aiko “sidi” goma, to ba ta riga 1965 ba, shekarar da Gana ta bar fam. Ka ga ɗalibi ya gano lokaci da kansa, ba hadda ba. Sai ya tambaya: wa ya rubuta? Sau tari malamin zango ne, mai saƙo yana faɗa masa. To me ya ɓoye don kunyar malam? Nan tarihi ke farawa.

Boubou Hama ya tara tsofaffin rubuce-rubucen larabci da ajami, suna nan a IRSH. Namu na gida kuwa gara ke ci. Ƴan uwa, hutun nan ku nemi izinin tsofaffi, don wasiƙa sirrin gida ce. Ku ɗauki hotonsu da salula, ku karanta su gaban kaka tun tana iya faɗa muku wane ne wane.