Fili namu ne, benci da usur na wasu: tarihin baƙar fata a ƙwallon Ingila 🧵

1/ Duk ranar Asabar gidajen kallo a cike suke saboda gasar Firimiya. Ku ƙirga baƙaƙen fata a cikin fili: Saka, Iwobi, Ola Aina, ga su nan birjik. To yanzu ku juya ku kalli bencin koci, ku kalli mai riƙe da usur. Nawa kuka gani? Zaren nan tarihin wannan giɓin ne. Ku gyara zama, da ɗan tsawo.

2/ Mu fara da lissafi. A 2022 ƙungiyar Black Footballers Partnership ta fitar da rahoton da masanin tattalin arziki Stefan Szymanski ya haɗa. Abin da ya nuna: kusan kashi 43 cikin 100 na 'yan wasan Firimiya baƙaƙe ne, amma a kujerun horarwa kashi 4.4 kacal. Ku riƙe lambobin nan biyu, za mu dawo kansu.

3/ Wasu na zaton baƙar fata sun shigo ƙwallon Ingila ne a zamanin su Kanu da Okocha. Ina! Tun 1881 Andrew Watson, haifaffen Guyana, ya ɗaura kambun kyaftin ɗin Scotland, suka je har Landan suka lallasa Ingila da ci 6 da 1. Lokacin ma ba a kafa gasar lig ta Ingila ba, sai a 1888.

4/ Sai ɗan Afirka ta Yamma, Arthur Wharton. An haife shi a Jamestown cikin birnin Accra a 1865, aka tura shi Ingila karatun zama malamin coci, wasanni suka ɗauke masa hankali. A 1886 ya yi tseren yadi 100 cikin daƙiƙa 10. Ya tsare raga a Darlington da Preston, a 1889 kuma ya koma Rotherham Town a matsayin mai cin albashi.

5/ Shi ake ɗauka baƙar fata na farko da ya mayar da ƙwallo sana'a. Amma ku ji ƙarshensa. Bayan ya daina wasa ya koma aikin ƙarfi a mahaƙar kwal a yankin Yorkshire. Ya mutu a 1930 ba shi da ko sisi, aka binne shi a kabarin da ba ko alama. Sai a 1997 aka kafa dutsen suna a kai. Shekara 67 kenan.

6/ Walter Tull ya shiga Tottenham a 1909. A shekarar, a wasansu da Bristol City, 'yan kallo suka yi masa ruwan zagi saboda launin fatarsa har jaridar lokacin ta rubuta. Ba a jima ba aka mayar da shi cikin 'yan ajiya, daga baya ya koma Northampton. Ya zama hafsa a sojan Birtaniya, aka kashe shi a fagen daga a Faransa a Maris ɗin 1918.

7/ Labarin da ya fi ciwo shi ne na Jack Leslie, ɗan wasan gaban Plymouth Argyle, haifaffen Landan, mahaifinsa ɗan Jamaika. A Oktoban 1925 kocinsa ya kira shi ya yi masa albishir cewa Ingila ta gayyace shi. Jaridu suka buga sunansa. Kafin ranar wasa suna ya ɓace daga jerin, ba wani bayani.

8/ Leslie ya ci wa Plymouth ƙwallo 137, amma bai taɓa saka rigar Ingila ba. A tsufansa aikin gyaran takalman 'yan wasa ya yi a West Ham. Sai a 2022, shekaru da dama bayan mutuwarsa, hukumar FA ta karrama shi da hular girmamawa, ta amsa cewa launin fata ne ya hana shi. Ihu bayan hari.

9/ Daga 1925 sai da aka jira shekara 53. A Nuwamban 1978 Viv Anderson na Nottingham Forest ya buga wa babbar tawagar Ingila wasa da Czechoslovakia, baƙar fata na farko da ya yi haka. A daidai lokacin West Brom na fitowa da baƙaƙe uku a tare: Cyrille Regis, Laurie Cunningham da Brendon Batson.

10/ Kada ku zaci tafi aka yi musu. Kukan biri ake musu daga kan kujerun 'yan kallo, ana jifansu da ayaba. Da aka gayyaci Regis tawagar Ingila, harsashi aka aiko masa a cikin wasiƙa. A 1988 aka ɗauki hoton John Barnes na Liverpool yana ture ayaba da dunduniya a filin Everton. Hoton na nan a intanet, ku nema.

11/ To me ya buɗe ƙofar fili duk da wannan ƙiyayya? Akwai gwagwarmayar 'yan wasan da kansu, da ƙungiyar Kick It Out da aka faro a 1993. Amma akwai wani abu kuma: ƙwallo ba ta ƙarya. Wanda ya zura ta a raga, dubban mutane sun gani da idonsu. Ba wanda zai ce bai iya ba.

12/ Szymanski ɗin nan ya taɓa bin diddigin ƙungiyoyin Ingila daga 1978 zuwa 1993. Ya gano cewa waɗanda suka fi saka baƙaƙen 'yan wasa suna samun sakamakon da ya zarce albashin da suke biya. Ma'ana ana sayen baƙi da araha, kuma mai ƙin ɗaukarsu maki yake zubarwa. Wariya ta zama asara, sai aka fara sakin ta.

13/ Kujerar koci fa? Nan ba a gwada ka a gaban jama'a kafin a ba ka. Mai ƙungiya da daraktocinsa ne ke zama a ɗaki su yanke wanda suka yarda da kansa. Wa ka sani, wa ya san ka, wa zai buga waya ya ce ku ɗauki wane. In ba a ba ka ba, babu ƙwallon da za ka nuna ka ce ga shaidata.

14/ Ba wai ba a taɓa gwadawa an ga amfani ba. A 1960 Rochdale, ƙungiyar rukuni na huɗu, ta naɗa Tony Collins, baƙar fata na farko da ya zama koci a lig ɗin Ingila. A 1962 ya kai su wasan ƙarshe na League Cup, Norwich ta doke su. Ƙungiyar rukuni na huɗu fa! Bayan ya bar su, mafi yawan rayuwarsa a aikin farauto 'yan wasa ta ƙare, a Leeds da Man United.

15/ A Firimiya, baƙar fata na farko da ya zama koci shi ne Ruud Gullit a Chelsea, 1996, ya kuma ɗauki kofin FA a 1997. Amma ɗan Holan ne da ya zo da Ballon d'Or a hannu. Baƙar fata ɗan asalin Ingila sai a 2008 ya samu: Paul Ince a Blackburn. Wata shida bai cika ba aka sallame shi.

16/ Ku lura da inda ake farawa. Ince shi ne baƙar fata na farko da ya zama kyaftin ɗin Ingila, a 1993. Ya buga wa Man United, Inter Milan da Liverpool. Aikinsa na farko na koci a 2006: Macclesfield Town, tana can ƙasan teburin rukuni na huɗu. Ya cece ta daga faɗuwa.

17/ Shekara 12 bayan nan, Sol Campbell. Wasa 73 wa Ingila, yana cikin Arsenal ɗin da ba a doke ta ba a kakar 2003/04. Aikinsa na farko a 2018: Macclesfield ɗin dai, tana ƙasan teburin dai. Shi ma ya cece ta. A shekarar Lampard ya fara da Derby a rukuni na biyu, Gerrard ya fara da Rangers.

18/ Ba cewa ake su Lampard ba su cancanta ba, Gerrard ma ya ci lig ɗin Scotland a 2021. Maganar ita ce taurari ne na tawagar Ingila ɗaya, wasu aka ɗora su a tsakiyar tsani, wasu aka ce su fara daga ƙasa. Bayan kaka ɗaya Lampard yana Chelsea. Campbell kuwa Southend ya koma.

19/ Akwai kuma batun dama ta biyu. Chris Hughton ya dawo da Newcastle Firimiya a 2010, aka kore shi a Disamban shekarar suna tsakiyar teburi. John Barnes ya faɗi a Celtic a 2000, sai da ya shekara takwas kafin ya sake samun aikin horarwa. Kowane koci ana korarsa, gaskiya ne. Amma nawa ne farare da kuka sani an kore su sau biyar, har yanzu ana kiransu?

20/ Tushen abin wani tsohon tunani ne: baƙi na da ƙarfi da gudu, farare na da basira. A 2020 kamfanin RunRepeat tare da ƙungiyar 'yan wasan Ingila, PFA, suka saurari sharhin wasanni 80 a manyan lig huɗu na Turai. Yabon kaifin tunani ya fi tafiya ga masu hasken fata, maganar ƙarfi da gudu ta fi tafiya ga masu duhun fata.

21/ In an shekara 15 ana kiran ka doki a talabijin, ranar da ka nemi aikin tsara dabara wa zai tuna kana da kai? Ron Atkinson, kocin da ya saka su Regis a West Brom, shi ne a 2004 ya zaci an kashe makirfo, ya zagi Marcel Desailly da rago kuma daƙiƙi, haɗe da kalmar wariya. Ya rasa aikinsa a ITV. Mutumin da ya yarda da ƙafar baƙi kenan fa.

22/ Yanzu usur, nan abin ya fi muni. Uriah Rennie, haifaffen Jamaika da ya tashi a Sheffield, shi ne baƙar fata na farko da ya busa wasan Firimiya, a Agustan 1997: Derby da Wimbledon. Wasan ma bai ƙare ba, fitilun fili suka mutu. Ya ci gaba da alƙalanci har 2008. Ya rasu a Yunin 2025.

23/ Bayan Rennie ya ajiye usur, shekara 15 cur babu baƙar fata ko ɗaya da ya busa wasan Firimiya. Wasa 380 ake yi a kowace kaka, ku yi lissafi. Sai ranar 26 ga Disamban 2023 Sam Allison, tsohon ma'aikacin kashe gobara, ya busa Sheffield United da Luton. A Maris ɗin 2024 Sunny Singh Gill ya zama ɗan Birtaniya na farko mai asali da Kudancin Asiya da ya yi haka.

24/ Me ya sa? Alƙalin wasa daga ƙananan filayen unguwa yake farawa, yana hawa mataki-mataki na shekaru, kuma masu sa ido ne ke ba shi makin da zai ɗaga shi. Dai dai da koci, hukuncin wasu mutane ne a kan ko ka isa a yi maka biyayya. Ga zagin da kowane alƙali ke sha, shi baƙi a ƙara masa da na launi. Da yawa a hanya suke haƙura.

25/ An gwada magani. A 2003 gasar ƙwallon Amurka ta NFL ta kawo Dokar Rooney: dole a tattauna da aƙalla mutum ɗaya daga tsiraru kafin a naɗa koci. FA ta ɗauka a 2018, ƙananan rukunan Ingila a 2019. Matsalar ita ce dokar tattaunawa ta wajabta kawai, kuma ƙungiyar da ta kira mutum ɗaya kai tsaye ta ba shi aiki ba ta karya komai ba. Haka kuwa aka fi naɗa koci.

26/ Akwai motsi, kada mu ƙi faɗa. Michael Emenalo, tsohon ɗan Super Eagles, ya riƙe daraktan fasaha na Chelsea daga 2011 zuwa 2017. Patrick Vieira ya horar da Crystal Palace. Nuno Espírito Santo ya kai Wolves da Forest gasar Turai. Vincent Kompany ya faɗi da Burnley, Bayern Munich ta ɗauke shi a 2024, ya ci Bundesliga a kakarsa ta farko. Ga abin da dama ta biyu ke haifarwa.

27/ Kafin mu gama nuna Turawa da yatsa, mu leƙa gida. Sau nawa hukumomin ƙwallon Afirka suka tsallake ɗan ƙasa suka ɗauko Bature da albashin dala? Alhali Stephen Keshi ya ci wa Najeriya kofin Afirka a 2013, Aliou Cissé ya ci wa Senegal, Emerse Faé ya ci wa Kwaddibuwa. A Qatar 2022 duk ƙasashen Afirka biyar da kocinsu na gida suka je, Walid Regragui ya kai Maroko wasan kusa da na ƙarshe.

28/ Usur ma haka. Wanda ya busa wasan ƙarshe na kofin duniya a 1998, Faransa da Brazil, ɗan Afirka ne: Said Belqola na Maroko. Don haka iyawa ba ita ce ta yi ƙaranci ba. Mu dawo kan 43 da 4.4: na farko abin da ido ke aunawa ne a fili, na biyu abin da masu iko ke yankewa ne a ofis.

29/ Asabar mai zuwa, in mai sharhi ya yabi baƙin ɗan wasa, ku saurara da kyau: ƙafarsa ya yaba ko tunaninsa? Mu kanmu a gidan kallo, me muke cewa? Sannan ku faɗa min a ƙasa, cikin baƙaƙen 'yan wasan da ke taka leda yanzu, wa kuke ganin zai yi koci na gaske, kuma wace ƙungiya kuke ganin za ta yarda ta ba shi? Ku tura wa abokan musunku. 🔁