Fim da Doka a New Bell

New Bell ta samo asali ne daga korar da Jamusawa suka yi wa mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, rikicin da ya kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell a 1914. Daga baya baƙi suka cika unguwar, har da Hausawa fatake da mahauta. Nan kuma babban kurkukun birnin yake, wanda duk mai shirya fim kan 'yan daudu ko masu neman jinsinsu zai tuna kafin ya ɗaga kyamara.

Tun 1972 dokar Kamaru ta haramta tarayyar jinsi ɗaya, da ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5. Jean-Pierre Bekolo, ɗan Yawunde, ya nuna yadda ake yin magana a lulluɓe. A Quartier Mozart na 1992, wata matsafiya ta mayar da budurwa saurayi. A Les Saignantes na 2005, ya cilla labarin wasu mata biyu zuwa shekarar 2025, ya caccaki masu mulki. Wa zai kama mutum saboda abin da bai faru ba tukuna?

Amma lulluɓin labari ba ya rufe fuskar ɗan wasa. A 2021 kotun Duwala ta yanke wa Shakiro, mai shigar mata da ya yi suna a intanet, shekara 5 bayan an tsare shi a kurkukun New Bell. Wayar hannu ta sauƙaƙa ɗaukar gajeren fim. Samun wanda zai yarda a ga fuskarsa shi ne aikin.