Kurmin Jakara Tsakanin Tarihi da Almara

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin rafin Jakara, inda ya ratsa Fagge ya gangara ta gefen Sabon Gari, da wuya ya yarda cewa wannan ruwa daga cikin wani kurmi mai duhu ya samo asali. A wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin bin sawun kurmin nan, mu duba abin da magabata suka ruwaito game da shi, sa'an nan mu auna abin da mai nazarin tarihi zai iya tsinta daga cikin ruwayar.

2.0 Madogararmu

Babbar madogararmu ita ce littafin tarihin sarakunan Kano na Larabci, wanda ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, R. M. East kuma ya fitar da shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933. Ya kamata mu tuna cewa Musulmi ne suka rubuta shi, ɗaruruwan shekaru bayan abubuwan da yake ba da labari, kuma Palmer ne ya lissafo shekarun Miladiyya daga tsawon mulkin kowane sarki.

3.0 Kurmin Baƙin Ruwa

Ruwayar ta nuna cewa kafin zuwan Bagauda, wanda aka lissafa farkon mulkinsa a 999, mutanen da ke zaune kewayen Dutsen Dala suna bauta wa Tsumburbura ƙarƙashin jagorancin Barbushe. Wurin bautar wata itaciya ce mai suna Shamus, wadda aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. Kusa da nan akwai kurmin Jakara, wanda ake kira Kurmin Baƙin Ruwa saboda launin ruwansa. An ce itatuwansa ba sa motsi sai in wata masifa na tafe. A lokacin ne za a ji ƙara, a ga hayaƙi yana tashi daga tsibirin da ke tsakiyar ruwan, sai a yanka baƙin kare da baƙin bunsuru. In ƙarar da hayaƙin suka lafa, an tsira, in kuwa suka ci gaba, to, masifa sai ta auku.

Ba aikinmu ba ne mu gaskata cewa itatuwa suna kuka. Abin lura shi ne wurin da aka tsarkake shi ne ainihin maɓuɓɓugar ruwan mutanen. Binciken masu tonon ƙasa ya nuna ana narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7, narkar tama kuwa gawayi take ci mai yawa. A ganinmu, tsoron da aka lulluɓe kurmin da shi ya zame masa katanga daga gatarin maƙera da masu neman itace.

4.0 Daga Kurmi Zuwa Kasuwa

Ba a rana ɗaya kurmin ya ɓace ba. Sarki Tsamiya (1307-1343) ya rushe wurin bautar. A zamanin Yaji (1349-1385) Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci, aka gina masallaci a gindin itaciyar. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) Shehu Magili ya ba da shawara aka sare ta, aka gina hasumiya a gurbinta. Rumfa ɗin ne ya kafa kasuwa a bakin Jakara, kuma har yau Kasuwar Kurmi ake ce mata. Wato ke nan itatuwa sun tafi, suna ya zauna, kuma sunan nan shaida ce mai zaman kanta wadda ba ta dogara da littafin ba.

Ruwan kuwa bai ƙafe ba. Clapperton a 1824 da Barth a 1851 duk sun bayyana fadamar Jakara a tsakiyar birni, da kasuwa a gefenta.

5.0 Fagge da Sabon Gari

Daga birni rafin yakan fita ta cikin ganuwa ya nufi arewa maso gabas. A nan Fagge take, zangon da ayarin Abzinawa kan sauke raƙumansu, wanda ruwayar baka ke danganta kafuwarsa da zamanin Rumfa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913 domin baƙi daga kudu. Da jama'a ta yawaita, sai rafin ya koma magudana: ruwan gidaje da na mahauta suna kwarara cikinsa, ya haɗu da Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, su zuba a madatsar Wasai. Duk da haka masu lambu da shi suke ban ruwa. A mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu (2011-2015) aka fara aikin rufe wani sashe nasa da kankare domin shimfiɗa titi.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa labarin Kurmin Baƙin Ruwa, duk da almarar da ke cikinsa, ya adana mana siffar ƙasar Kano ta dā. Ruwan da ya yi baƙi saboda inuwar itatuwa, yau ƙazanta ce ta baƙanta shi. Shawararmu ga sassan tarihi da na Hausa a Jami'ar Bayero ita ce su hanzarta ɗaukar bayanan dattawan Jakara da Madabo da Fagge, tare da sunayen kududdufai da mashigai na dā, tun masu riƙe da su suna raye.