Amfanin shawara ga mai fama da damuwa

A gundumomin Madawa, Buza da Keita, cikin jihar Tawa, maza da yawa sukan tafi cin rani bayan girbi, wasu Nijeriya, wasu Libiya. Nauyin gida sai ya koma kan mata. Idan rumbu ya ƙare, kamar yadda aka gani a yunwar 2005, ko yaro ya kamu da tamowa, uwa takan shiga damuwa mai tsanani. Barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta, ta riƙa kuka a ɓoye.

Wannan ba hauka ba ne, ba kuma ƙarancin haƙuri ba. Ciwo ne, kuma yana da magani.

Ɗaya daga cikin magungunansa shi ne zaman shawara da ma'aikacin lafiya. Aikinsa ya saurara, ba tare da zargi ko tona asiri ba. Tare za su rarrabe matsalolin, wadda za a iya warwarewa yau da wadda sai an jira, su kuma duba wanda zai taimaka cikin dangi. Sau da yawa zama ɗaya ba ya isa. Yaro ma yana cin moriya, domin uwar da hankalinta ya kwanta ta fi ba da nono da kai shi awo a kan lokaci.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙarfafa a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci wannan aiki, don haka a fara tambaya a asibiti mafi kusa. Maza ma suna da bukata. Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibitin gunduma a ranar.