Kula da mara lafiya bayan tiyata har allurar barci ta sake shi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, buɗe idon mara lafiya bayan tiyata ba ya nufin allurar barci ta sake shi. Maganin kan raunana numfashi da haɗiya da tari na wani lokaci. Saboda haka ake fara ajiye shi a ɗakin farfaɗowa kafin a mayar da shi gadonsa.

Aikin ma'aikatan jinya

Nas takan duba numfashinsa da bugun zuciya da awon jini da iskar oksijin duk bayan 'yan mintuna, ta kuma duba wurin ɗinki ko yana zubar jini. Idan aikin bai hana ba, a gefe ake kwantar da shi, don kada harshe ya toshe hanyar numfashi ko amai ya shiga huhu. Asibitoci da yawa suna aiki da ma'aunin da Dakta Aldrete ya fitar a 1970, aka sabunta shi a 1995. Abubuwa biyar yake dubawa: motsin gaɓoɓi, numfashi, awon jini, dawowar hayyaci da oksijin. Kowanne makinsa 0 zuwa 2, kuma yawanci sai an samu 9 cikin 10 ake fitar da shi.

Abin da ya rataya a wuyanka

Na farko: kada ka ba shi ruwa ko abinci, ko da zamzam ne ko ruwan tofi, sai ma'aikata sun ba da izini. Yana iya ƙwarewa, ruwan ya gangara huhu ya jawo ciwo mai tsanani. Ka yi masa addu'a, shan ya jira.

Na biyu: rawar sanyi, tashin zuciya da kaushin maƙogwaro sanannu ne. Amma ka kira nas nan take idan ka ji minshari mai ƙarfi, ko ka ga leɓe ya sauya launi, ko ya ƙi farkawa, ko jini ya jiƙa bandeji.

Na uku: wanda aka yi wa allurar baya, kamar mafi yawan masu haihuwa ta tiyata, kada ya miƙe sai ƙafafunsa sun dawo daidai, kuma da mai riƙe shi.

Na huɗu: ka suturta al'aurarsa, ka rufa asirin sambatun da ya yi. Maganar wanda hankalinsa ya gushe ta hanyar halal, ko saki ce ko rantsuwa, ba a gina hukunci a kanta. Likitoci ma suna hana shi tuƙi da sa hannu a takarda mai muhimmanci har awa 24.

Alwala da sallah

Gushewar hankali tana warware alwala, malamai sun haɗu a kan haka. Kada ka gaggauta shi ga sallah yana cikin magagi. Idan ya dawo hayyacinsa, ya yi alwala, in ruwa zai cutar da shi ya yi taimama. Ya yi sallah a tsaye, ko a zaune, ko a kwance gwargwadon ikonsa, kamar yadda hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya nuna.

Game da ramuwa, malamai sun saɓa a kan wanda ya suma. Malik da Shafi'i ba su wajabta masa rama sallar da lokacinta ya fita yana sume ba. Abu Hanifa ya wajabta idan ba ta wuce salloli biyar ba, Ahmad kuma ya wajabta duka. Amma allurar barci da yardar mutum ake yin ta, kuma ba ta daɗewa, don haka malamai da yawa suka ce ya rama. Wannan shi ne mafi kuɓuta. Ka riƙe masa lissafin sallolin da suka wuce shi, ka gaya masa idan ya wartsake.

Allah ne Mafi sani.